Kuɗin Maganin Ciwon Gaɓoɓi na Gawut: Bayani Ga Jama'a da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Wannan shafi yana ɗauke da bayani a kan kuɗin da majiyyaci ke fitarwa daga aljihunsa domin sayen maganin ciwon gaɓoɓin nan da likitoci ke kira gawut. Mun tanade shi domin amfanin al'ummarmu mazauna karkara, da shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an sashen lafiya, da kuma hakimai, dagatai da masu unguwanni waɗanda jama'a ke kai wa kukansu.

Babban maganin wannan ciwo yana daga cikin tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi a duniya, amma shansa na tsawon rayuwa ne, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Saboda haka magidanci da yawa sukan soma magani su bari, ko su koma ga ƙwayoyin kashe zafi, har ciwon ya lalata gaɓoɓi ko ya taɓa ƙoda. Manufarmu ita ce mai karatu ya san abin da yake saye, ya iya lissafin kuɗinsa na wata da na shekara, ya kuma san ƙofofin da zai bi ya sami sauƙi.

Mene Ne Ciwon Gawut?

Gawut wani nau'i ne na amosanin gaɓɓai da ke tasowa idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a cikin jini. Jiki ne ke samar da wannan sinadari a kullum, wani ɓangare kuma daga abinci yake fitowa, sannan ƙoda ta fitar da mafi yawansa ta fitsari. Idan ya kai kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, sai ya kasa narkewa, ya riƙa daskarewa a cikin gaɓoɓi kamar ƙananan allurai. Waɗannan allurai su ne ke haddasa kumburi da zafi da raɗaɗi mai tsanani.

Ciwon yakan taso farat ɗaya, galibi cikin dare, kuma ya fi kama gindin babban yatsan ƙafa, sai idon sawu, gwiwa, wuyan hannu da gwiwar hannu. Yakan kai matuƙa cikin awa 12 zuwa 24, har majiyyaci ya kasa jure ko taɓawar mayafi, sannan ya lafa cikin mako 1 zuwa 2. Lafawar ce ke yaudarar mutane su ɗauka sun warke, alhali sinadarin yana nan yana taruwa. Bayan shekaru sai ƙululai masu tauri su fito a yatsu, gwiwar hannu ko gefen kunne, ƙashi ya zaizaye, wasu kuma su sami tsakuwar ƙoda.

An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya a shekarar 2020. Ya fi kama maza, kusan ninki uku a kan mata, mata kuma ya fi samunsu bayan sun daina jinin al'ada. Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da gado, raunin ƙoda, ƙiba, hawan jini, ciwon suga, shan giya da burkutu, yawan lemon kwalba, da yawan cin jan nama da kayan ciki. Wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da wasu daga cikin magungunan tarin fuka, su ma suna ɗaga sinadarin. Haka kuma gubar dalma, irin wadda ta halaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Jihar Zamfara a shekarar 2010, tana lalata ƙodar manya a hankali, ta jawo musu gawut.

Wajibi ne mu ja hankali cewa ciwon gaɓoɓi iri-iri ne, kuma gwajin asibiti ne ke rarrabe su. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shige ta, wannan kuwa yana buƙatar zuwa asibiti a ranar.

Magungunan Kashi Biyu Ne

Kashi na farko shi ne na kwantar da ciwon idan ya taso. A nan likita kan zaɓi ɗaya daga cikin uku: kolcisin, wanda a jikin kwali ake rubuta shi colchicine, ko magungunan kashe zafi da kumburi irin su diklofenak da ibufurofen, ko kuma firednisolon na 'yan kwanaki. Kolcisin tsohon magani ne da ake samu daga wani fure, kuma masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, suka fara tace shi a shekarar 1820. Ya fi aiki idan aka sha shi da wuri, a ranar farko da ciwon ya taso. Waɗannan magunguna duka na ɗan lokaci ne, kuma ba sa rage sinadarin da ke cikin jini.

Kashi na biyu shi ne na rage sinadarin yurik asid domin hana ciwon dawowa. Jagora a nan shi ne alofurinol, wanda a jikin kwali ake rubuta shi allopurinol, ana kuma samunsa da sunayen kamfanoni irin su Zyloric. Gertrude Elion da George Hitchings, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 1988, su ne suka jagoranci aikin da ya samar da shi, aka kuma amince da shi a Amurka a shekarar 1966. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ana yinsa ƙwayar miligiram 100 da ta miligiram 300. Aikinsa shi ne rage ƙarfin sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen ƙera yurik asid.

Akwai kuma febuksostat, wanda aka amince da shi a Tarayyar Turai a 2008, a Amurka kuma a 2009. Ya fi alofurinol tsada, kuma a shekarar 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa babban gargaɗi dangane da masu ciwon zuciya. Saboda haka akan ajiye shi ne ga wanda alofurinol bai karɓe shi ba.

Yawan sinadarin a cikin jini shi kaɗai, ba tare da ciwon ya taɓa tasowa ba, galibi ba ya buƙatar magani. Likitoci sukan ɗora mutum a kan maganin dindindin ne idan ciwon na tasowa sau 2 ko fiye a shekara, ko ƙululai sun fito, ko hoton ƙashi ya nuna zaizayewa, ko kuma akwai matsalar ƙoda. Sanin wannan yana hana kashe kuɗi inda babu buƙata.

Yadda Ake Lissafin Kuɗin

Farashin magani yana bambanta daga gari zuwa gari, yana kuma sauyawa daga wata zuwa wata, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne kowa ya iya lissafi da farashin da ya tarar a inda yake saye. Abubuwa huɗu ne ke shiga lissafin.

Na ɗaya, alofurinol. Akan fara da miligiram 100 a rana, ko ƙasa da haka ga mai raunin ƙoda, sai likita ya riƙa ƙarawa bayan kowane mako 2 zuwa 5 har sinadarin ya sauka ƙasa da miligiram 6 a desilita, wato maikuromol 360 a lita. Mutane da yawa sukan tsaya a miligiram 300, wasu kuma suna buƙatar fiye da haka. Mai shan ƙwaya ɗaya a rana yana buƙatar 30 a wata, 365 a shekara. Wanda aka rubuta wa miligiram 300 amma yake sayen ƙwayar miligiram 100, zai sha 3 a rana, 90 a wata, 1,095 a shekara. Don haka bambancin naira 10 kacal a farashin ƙwaya yana nufin naira 3,650 a shekara ga na farko, naira 10,950 ga na biyu. Ya kamata mai saye ya kwatanta kuɗin ƙwaya ɗaya ta 300 da na ƙwaya uku ta 100 kafin ya biya.

Na biyu, maganin kariya na watannin farko. Lokacin da sinadarin ya soma narkewa daga gaɓoɓi, ciwon yakan taso fiye da da, shi ya sa likita kan haɗa da ƙaramin kolcisin na tsawon wata 3 zuwa 6. Mai shan ƙwaya ɗaya a rana zai buƙaci 90 zuwa 180, mai shan biyu kuma 180 zuwa 360. Wannan ne ya sa rabin shekarar farko ya fi kowane lokaci cin kuɗi, bayansa nauyin ya ragu.

Na uku, gwajin jini. Ana auna yurik asid da aikin ƙoda kafin a fara, sannan a maimaita duk lokacin da za a ƙara awon magani. Idan an kai ga abin da ake nema, sai a koma sau 1 ko 2 a shekara. A lura cewa sinadarin na iya nuna daidai a lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa, saboda haka akan sake gwajin bayan aƙalla mako 2 da lafawarsa.

Na huɗu, kuɗin hanya. Ga mutumin karkara, kuɗin mota ko babur zuwa babban asibiti, da kuɗin kati, da abinci, da yinin da ya rasa a gona ko kasuwa, sau da yawa sukan zarce kuɗin ƙwayar kanta. Duk wanda ya bar wannan a lissafinsa zai tarar aljihu ya yanke a tsakiyar hanya.

Akwai ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi wajen binciken farashin magunguna: idan maganin wata guda ya ci fiye da ladan yini ɗaya na ƙaramin ma'aikacin gwamnati, ana ɗaukarsa ya fi ƙarfin talaka. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 shi ne naira 70,000 a wata, wato kimanin naira 2,333 a yini. Idan aka raba wannan gida 30, za a sami kusan naira 78. Bisa wannan ma'auni, duk maganin da shansa na yini ɗaya ya wuce naira 78 ya zama nauyi ga mai ƙaramin albashi, balle manomin da kuɗi ba ya shigo masa sai da kaka. Jami'ai na iya amfani da wannan wajen duba farashin da ke cibiyoyinsu.

Dalilan da Ke Sa Farashi Ya Hau

Mafi yawan magungunan da ake sha a Nijeriya, da sinadaran da masana'antun gida ke haɗa su da su, daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, kuma da dala ake biya. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, sai dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin dakon kaya zuwa ƙauyuka. Waɗannan biyu suka haɗu suka ɗaga farashin magunguna baki ɗaya. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗage harajin shigo da injuna da sinadaran haɗa magani na tsawon shekara 2, domin ƙarfafa masana'antun cikin gida.

Bayan wannan, yawan hannuwan da magani ke bi yana ƙara masa kuɗi. Daga mai shigowa da shi zuwa babban dila, daga nan zuwa ƙaramin dila, sannan kantin gari, sannan kantin ƙauye, kowa yana ɗora ribarsa. Sayen ƙwaya ɗai-ɗai ko rabin kati shi ma ya fi sayen kwali tsada idan aka tara.

Har ila yau akwai batun suna. Maganin da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya fara yinsa yakan fi tsada, alhali sinadarin da ke ciki ɗaya ne da na sauran kamfanoni masu rajista. Majiyyaci na da damar roƙon likita ya rubuta masa asalin sunan maganin, ya kuma tambayi mai harhaɗa magunguna wanne ne mafi sauƙin kuɗi daga cikin masu rajista.

Darasi Daga Amurka

Abin da ya faru da kolcisin a Amurka ya nuna yadda rashin gasa ke shafar aljihun majiyyaci. An shafe shekaru masu yawa kamfanoni daban-daban suna sayar da shi a can a kan kimanin santi 9 ƙwaya ɗaya, ba tare da cikakkiyar amincewar hukuma ba, domin ya riga dokokin gwajin magani zuwa. A shekarar 2006 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta soma shirin shigar da irin waɗannan tsofaffin magunguna cikin tsari. Kamfanin URL Pharma ya gudanar da gwaji, aka amince da nasa mai suna Colcrys a watan Yulin 2009, aka kuma ba shi damar kasuwa shi kaɗai ta shekara 3 a kan gawut. A 2010 hukumar ta umarci sauran su janye nasu. Farashin ƙwaya ya tashi zuwa kusan dala 5, wato ninki 50. Kamfanin Takeda na Japan ya sayi URL Pharma a 2012 a kan dala miliyan 800, kuma sai da wasu kamfanoni suka sami izinin fitar da nasu daga baya farashin ya soma sauka.

Gwajin da aka yi ya bar wani amfani ga duniya baki ɗaya, domin ya tabbatar da cewa ɗan ƙaramin awo na kolcisin, miligiram 1.8 gaba ɗaya, yana kwantar da ciwon kamar yadda miligiram 4.8 ke yi, kuma da ƙarancin gudawa da amai. Ga jami'anmu masu sayen magani kuwa, darasin shi ne a guji dogaro da dila ɗaya ko kamfani ɗaya.

Arahar da Ke Jawo Hasara

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Hanyar da ta fi yawa a karkara ita ce idan ciwo ya taso a je kemis a karɓi haɗin ƙwayoyi ko allurar kashe zafi, ciwon ya lafa, a manta da shi har ya dawo. Kowane zuwa yana kama da sauƙi, amma illarsa na taruwa. Yawan shan diklofenak da ire-irensa yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana ɗaga hawan jini, yana kuma raunana ƙoda. Ƙodar da ta raunana ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata, sai gawut ya ƙaru, a ƙara shan ƙwaya, ƙoda ta ƙara lalacewa. Daɗewa a kan deksametason ko firednisolon ba da kulawar likita ba yana kawo kumburin fuska, ciwon suga da raunin ƙashi.

Ƙarshen wannan hanya ga wasu shi ne wankin ƙoda, wanda akan yi sau 2 ko 3 a mako. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗinsa daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ko da wannan rangwame, wanki sau 2 a mako ya kama naira 96,000 a mako huɗu, abin da ya zarce mafi ƙarancin albashi, ban da kuɗin mota da masauki da sauran magunguna.

Shan alofurinol ana tsayawa shi ma asara ce. Da zarar an daina, sinadarin yakan koma inda yake cikin ɗan lokaci, kuma duk sake farawa yana iya tayar da ciwon. Wanda ya riga ya ɗore a kansa, ba a so ya dakatar da shi don ciwon ya taso, sai dai a ƙara masa maganin kwantarwa.

Gargaɗi Game da Lafiya

Duk wanda ya ga ƙuraje a jikinsa, ko gyambo a baki da idanu, ko zazzaɓi bayan fara alofurinol, ya dakatar da shi nan take ya tafi asibiti. Wannan matsala ba ta da yawa, amma tana iya kisa, kuma ta fi aukuwa a makonni da watannin farko, musamman ga mai raunin ƙoda ko wanda ya fara da babban awo. Kolcisin kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da wanda ke zama guba kaɗan ce. Gudawa da amai alama ce ta a tsaya. Kada a ƙara shi don ciwo ya tsananta, kada a haɗa shi da kilaritiromaisin ba da sanin likita ba, a kuma ɓoye shi daga yara. Mai juna biyu da mai shayarwa su sanar da likita. Majiyyaci ya riƙa zuwa asibiti da dukkan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, kuma kada ya ba wani nasa don ciwonsu ya yi kama.

Hanyoyin Samun Sauƙi

Hanya ta farko ita ce inshorar lafiya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa da aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta maye gurbin ta 1999, ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. A tsarin ma'aikata, wanda ke da rajista yana biyan kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, waɗanda ke karɓar manoma da 'yan kasuwa da ƙungiyoyi. Kafin rajista, a tambaya ko alofurinol da kolcisin da gwajin jini suna cikin abin da tsarin ke ɗauka. Idan asibiti ya ce magani ya ƙare, a kai ƙorafi ofishin hukumar.

Hanya ta biyu ita ce Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta wannan asusu ake yi wa talakawa, tsofaffi da masu buƙata ta musamman rajista a cibiyoyin lafiya na mazaɓu.

Hanya ta uku ita ce kantin asibitin gwamnati mai tsarin jujjuya kuɗin magani, tsarin da ya samo asali daga taron ministocin lafiya na Afirka a birnin Bamako a shekarar 1987. Da yake ana sayen maganin a dunƙule, ana sa ran ya fi na kasuwa sauƙi.

Hanya ta huɗu dabarar gida ce. Idan awo ya zauna, likita kuma ya amince, a sayi na wata 3 a lokaci ɗaya domin rage kuɗin mota. Ba a yin haka a watannin farko, domin awo na iya sauyawa. Manomi ya ware kuɗin maganin shekara tun da kaka, kamar yadda yake ware iri da taki. Mai hawan jini ko ciwon suga ya haɗa ganin likita da gwaje-gwajensa a rana ɗaya, ya kuma tambaya ko maganin hawan jininsa yana ɗaga sinadarin, domin akwai irin su losatan da ke ɗan sauke shi.

Sayen Magani Nagari

Alofurinol da kolcisin magunguna ne na takardar likita. Lasisin masu kemis na ƙauye ya tsaya ne a kan magungunan da ba sa buƙatar takarda, saboda haka wurin sayensu shi ne asibiti ko kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna da rajistar Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da ranar ƙarewar aiki da sunan kamfani. Idan akwai wurin kankarewa a jikin kwali, a kankare a tura lambar ta waya. A guji maganin talla a faranti da na cikin mota, da ƙwayoyin da aka ƙulla a leda babu suna, domin ko da na gaskiya ne, rana da zafi suna rage ƙarfinsu. A gida a ajiye magani a inuwa, wuri busasshe.

Abinci da Ruwa

Gyaran abinci yana taimakawa, kuma yana rage kuɗin cefane, amma saukar da yake yi wa sinadarin kaɗan ce, ba ta isa ta maye gurbin magani ga wanda ciwon ya zaunar. A rage hanta, ƙoda da sauran kayan ciki, da yawan tsire, balangu da kilishi, da kifin gwangwani, musamman a kwanakin Babbar Sallah da bukukuwa. A bar giya da burkutu, a rage lemon kwalba. Nono da madara marasa maiƙo sosai da ganyaye suna da amfani. A sha ruwa isasshe, musamman da bazara, masu azumi kuma su yawaita shi tsakanin buɗa-baki da sahur, su nemi shawarar likita a kan lokacin shan ƙwayarsu.

Aikin da Ke Kan Jami'ai

Wani bincike da aka gudanar a yankin Notingham na Ingila, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa daga cikin majiyyatan da ma'aikatan jinya suka zauna suka yi wa cikakken bayani suka kuma riƙa bibiya, kashi 95 cikin 100 sun sauke sinadarin zuwa inda ake so bayan shekara 2, alhali a cikin masu bin tsarin da aka saba kashi 30 ne suka kai. Magungunan da aka saba aka ba su, bayani da bibiya ne suka kawo bambancin. Bisa wannan muna ba jami'an ƙananan hukumomi shawarwari kamar haka:

1. A buɗe rajistar masu gawut a kowace cibiya tare da ta masu hawan jini da ciwon suga, domin a san yawan maganin da ake buƙata. Majiyyata 100 masu shan ƙwaya ɗaya a rana suna buƙatar ƙwaya 36,500 a shekara.
2. A sa alofurinol na miligiram 100 da na 300 cikin odar magunguna, a nemi farashi daga dillalai fiye da ɗaya masu rajista.
3. A manna jerin farashi a bangon kantin asibiti da Hausa, a kuma ba da rasit.
4. A tsara yadda wanda likita ya daidaita wa awo a babban asibiti zai riƙa karɓar maganinsa a cibiyar da ke kusa da shi.
5. Kwamitocin raya mazaɓu da masu unguwanni su taimaka wajen zaƙulo marasa galihu domin yi musu rajista.
6. A kai rahoton masu tallar magani da masu sayar da haɗin ƙwayoyi ga NAFDAC da hukumomin lafiya na jiha.

Kammalawa

Gawut yana daga cikin ciwukan gaɓoɓi ƙalilan da ake iya shawo kansu sarai, har ƙululai su narke, ciwon ya daina tasowa, muddin an riƙe sinadarin ƙasa da miligiram 6. Muna kira ga duk mai fama da kumburin gaɓa mai zuwa yana komawa da ya je asibiti mafi kusa a auna jininsa, ya nemi a rubuta masa asalin sunan maganin, ya yi lissafin kuɗinsa na shekara kamar yadda muka zayyana, sannan ya tuntuɓi ofishin inshorar lafiya ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa domin yin rajista.